Kafin ka sayar da sa, ina lissafin kuɗin aya?

Wani manomi daga wajen Gazawa ya aiko da tambaya. Yana da ɗa ɗan shekara 17 da ɗiya 'yar 15, dukansu Allah ya ba su murya. Da kaka ya sayar da ayarsa, ya danƙa wa kawunsu jika 300, wato sefa dubu 300, don ya kai su situdiyo a Maradi. Yanzu kawun ya ce sai an yi bidiyo, shi ne manomin yake tambaya ko ya sayar da san amalankensa.

Malam, bar san nan a turkensa. Waƙar yara ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne a duk bayaninka ba ka faɗi waƙa nawa aka yi da jika 300 ba, kuma na tabbata kai ma ba ka sani ba. Wa ya karɓi kuɗin a situdiyo? Nawa ya tafi a mota da abinci? Kunyar ƙanen matarka ta hana ka tambaya, ga shi ka sayar da aya lokacin da take arha, wadda da ka riƙe zuwa bazara da ta yi daraja.

Na san wani da ya jinginar da gona kan irin wannan. Ɗan'uwa ne "manaja". Da waƙar ta fara shiga gidajen biki, sai aka tarar asalin aikin yana hannun mai situdiyo, don ba a cika masa kuɗinsa ba. Har yau gonar ba ta dawo ba.

Hau mota da kanka ka je Maradi. Tambayi kuɗin waƙa ɗaya, biya hannu da hannu, karɓi takarda, a sa maka asalin aikin a memori. A yi rajistarta a BNDA, ofishin haƙƙin mawaƙa, da sunan yaran. Kawu ya raka su dai, amma kada kuɗi su sake bi ta aljihunsa.

Maganar za su yi suna su gina maka gida kuwa, ajiye ta. Waƙa a waya kyauta ake tura ta. Kuɗin yana wajen biki da suna, shi ma kaɗan-kaɗan. Ware musu abin da ba zai taɓa rumbu ba, ka ce jika 50 a shekara, a rubuta shiga da fita a littafi. In bikin da suke yi ya fara mayar da kuɗin mota, sannan a yi zancen bidiyo. Karatunsu kuma kada ya tsaya, musamman ita yarinyar.