In sayi tirela da kuɗin hatsina, in ba ɗan yayana ya tuƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, wake da masara nake turawa Ibadan da Legas. Abin da nake biya na mota a shekara ya fara ɗaga mini hankali, har nake ganin gara in mallaki tawa. An yi mini tayin wata tsohuwar DAF, kai da bodi, amma za ta ci kusan kashi biyu cikin uku na jarina. Ɗan yayana ya daɗe yana yaron mota, bara ya kama sitiyari, shi nake son damƙa wa. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka. A yadda ka kwatanta, shawarata kada ka saya bana. Sana'ar tirela ta rufa wa gidaje da yawa asiri, ba na raina ta. Kuɗin da za ka taɓa da yaron da za ka ba, su suka sa na ce a dakata.

Kuɗin da kake miƙa wa mai mota kai a dunƙule kake ganinsu, shi kuwa kafin su kai aljihunsa an yayyage su. Daga Kano zuwa Legas tafiyar sama da kilomita 1,000 ce, idan an bi ta Kaduna da Suleja, a ratsa Bida da Mokwa, a haye gadar Jebba a faɗa Ilori. Mota mai ɗauke da tan 30, wato buhu 300 na kilo ɗari-ɗari, tana iya shan litar gas 400 zuwa 500 a zuwa kaɗai, tsohuwa kuma shanta ya fi haka. Ka tuna a farkon 2022 litar gas ba ta kai naira 300 ba, kafin shekarar ta ƙare ta haura 800, daga baya ta wuce 1,000. Kayan gyara da taya kuwa dala suke bi, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ba su koma gidan jiya ba. Babbar tirela taya 22 gare ta, kuma hanyar Lambata zuwa Bida ba ta jin tausayin taya. Sai kason ɗan kamasho, da kuɗin ƙungiya a tasha, da masu tare hanya da sanda suna yankar rasit jiha bayan jiha. Abin da ya rage bayan wannan shi ake kira riba, shi ma sai an samu lodin dawowa. Motar da ta sauke wake a Legas ta juyo ba komai, ta shanye ribar zuwa a hanyar dawowa. Lodin dawowa kuma yana hannun waɗanda suka san 'yan kamasho a Apapa da masana'antun Agbara da Ota, ba ranar da ka sayi mota ake ba ka wannan sanayya ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne jarin. Ƙarfin ɗan kasuwar hatsi kuɗi a hannu ne lokacin kaka, ya sayi wake da araha ya ajiye. Idan mota ta cinye kashi biyu cikin uku, kaka za ta zo ta same ka da mota ba kaya, ka koma ɗaukar wa abokan kasuwancinka lodi a sana'ar da ba ka goge a cikinta ba. Mai mota goma idan ɗaya ta buga inji, tara suna ciyar da ita. Mai ɗaya kuwa ranar da ta kwanta a dajin Jebba komai ya tsaya: kuɗin janwe, kuɗin bakanike, kuɗin wata motar da za a juye kayan a kai, duk daga ragowar kuɗin hatsin za su fito. Akwai ma tsayuwar da ba laifin kowa ba. Ambaliyar Mokwa ta ƙarshen watan Mayun 2025 ta datse wannan hanya, manyan motoci suka yi cirko-cirko. Waɗanda ke zuwa Nijar sun ga abin da ya fi haka bayan juyin mulkin Yulin 2023, iyaka ta kasance a rufe har Maris ɗin 2024.

Yanzu ga maganar yaron, kuma a nan nake so ka nutsu, don masu sayen mota sun fi yin sakaci a nan. Ka samu dare ɗaya ka tsaya a Tafa ko Mararrabar Jos, ko Ogere a hanyar Ibadan, ka ga yadda ribar tirela take kwana. Direba ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota ya yi matashi da jakarsa, buta a gefe, sauro na cizonsa. Yaron mota yana kan tamfol da tocila, barcinsa rabi da rabi, don a irin wannan dare ake farke tamfol a zare buhu, ko a cire batir, ko a zura tiyo a tanki a zuƙe gas. Da asuba su yi salla, su sha shayi da burodi, yaron ya zagaya yana bubbuga tayoyi da ƙarfe yana sauraron wadda ta sace. Sawun da aka lissafa masa mako ɗaya yana iya kai mako biyu ko uku saboda jiran layi da jiran lodi, kuma kowace rana sai an ci abinci, a gida ma iyali suna jiran cefane.

Mai motar da ya ƙididdige kuɗin hanya a kan kwana biyar, mota ta yi goma sha biyu, shi da kansa ya tura direba neman cike gurbi. Daga nan ake fara sayar da galan na gas a bakin titi, a ɗora fasinja a kan lodi, a raba dare ana tuƙi da ƙarfin ƙwaya don a rage kwana. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta sha jan kunne a kan ɗora mutane bisa kaya, domin idan irin wannan mota ta faɗi rayuka da yawa ake rasawa lokaci guda. Wannan alhaki ba ya tsallake mai mota. Ni a wurina ƙoshin direba da barcinsa suna cikin kuɗin gudanar da mota, daidai da gas da taya, kuma wanda lissafinsa ba ya fita sai ya tsuke bakin direba, lissafin nan tun farko bai fita ba.

Ɗan yayanka bara ya kama sitiyari. Shekara ɗaya ba ta isa a haɗa mutum da tsohuwar mota da dukiyar kawunsa da gangaren Kudu lokacin damina ba. Ka bar shi ya ƙara gogewa a hannun wani mai motar, ka tabbatar lasisinsa na ajin G ne, wanda ake ba masu jan tirela. Ka kuma tambayi kanka, idan ya dawo da balas ɗin da bai gamsar da kai ba sau uku a jere, za ka iya karɓe makulli ba tare da yayanka ya daina amsa gaisuwarka ba? In har za ku yi aiki tare, ku rubuta komai gaban shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta koyar a sha'anin bashi. A rubuta albashinsa na wata da kasonsa a kowane sawu. A auna gas da lita, kada a auna da naira, tunda farashi ba ya zama wuri ɗaya. Kuɗin abinci ya zama na kowace rana har da ranakun jira, yaron mota ma a yanka masa nasa daban, kuma wani kaso ya riƙa shiga hannun iyalinsa kai tsaye yana kan hanya.

Inshora kuma kada ta ruɗe ka. Takardar dole, wadda hukumar kula da inshora ta NAICOM ta mayar da kuɗinta naira 100,000 ga manyan motoci daga Janairun 2023, ɓarnar da motarka ta yi wa wasu take biya. Motarka da wakenka ba sa ciki, kowanne da tasa inshorar. Idan kana ƙyamar ta gargajiya, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci.

Abin da zan so ka yi bana shi ne ka zaɓi mai mota ɗaya ko biyu masu amana, ku ƙulla cewa duk lodinka nasu ne, su kuma su sassauta maka farashi, su sa ka a gaba lokacin da mota ke wuya. Mai mota yana son tabbacin lodi fiye da yadda kake zato. Ka buɗe littafi ka riƙa rubuta kowane sawu: nawa ka biya, kwana nawa aka yi, me ya lalace. Bayan shekara za ka san ko lodinka kaɗai zai iya riƙe mota. Idan ya isa, ka saya daga riba, ko ka haɗa kai da wanda ya riga ya san harkar, ko ka nemi murabaha (banki ya sayi motar ya sayar maka da riba, ka riƙa biya a hankali) a bankuna irin su Jaiz da TAJ, amma da sanin cewa biyan wata ba ya jiran motar da ke gareji. Ko ta wace hanya, kada ka biya kuɗin mota sai kana da kuɗin gyaran inji da na sauya tayoyi a ajiye.

Ita kuma wannan DAF ɗin, in zuciyarka ta ƙi sakinta, ka je da bakaniken da kai ka ɗauko, ba na mai sayarwa ba. Ya shiga ƙarƙashi ya duba shasi ko an taɓa yi masa walda, a yi mata cikakken lodi a hau tudu da ita a ga hayaƙi da zafin inji, a gwada lambar shasi da ta takardun kwastam. Sannan ka tambayi direban da ya tuƙa ta a baya dalilin da ya sa ake sayar da ita, shi kaɗai, ba a gaban maigidansa ba.