Amsa kan auna tait-en kafin diraf na NFL

Assalamu alaikum 'yan gida. To Malam, na ji muryarka tun da safe, aiki ne ya riƙe ni, sai yanzu na samu na zauna. Ka ce wai me ya sa ƙungiyoyin NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ke ta wahalar da kansu wajen auna yaran jami'a masu buga tait-en kafin diraf na watan Afrilu, wato zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi zagaye-zagaye, alhali kuwa a duba wanda ya fi kowa cafe ƙwallo kawai a ɗauke shi a huta. Wallahi ni ma da haka na ɗauka, sai da na sha kunya sau biyu sannan na daina.

Saboda waɗanda ba su daɗe da fara kallon ƙwallon Amurka ba, tait-en shi ne wannan ƙaton da ke tsayawa a gefen layin gaba. Aikinsa biyu ne. Wani lokaci ya zama katanga, ya tare mai tsaron baya wanda ya fi shi nauyi don mai gudu da ƙwallo ya samu hanya. Wani lokaci kuma ya fita a guje kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, ya jefa masa ya cafe. Ka ga kenan dabarun ɓangare biyu zai haddace, shi ya sa yawancinsu sai sun yi shekara biyu ko uku kafin su nuna.

To ga inda lissafinka yake samun matsala. Ka ɗauki George Kittle. Shekarunsa gaba ɗaya a jami'ar Iowa ƙwallo 48 kacal ya cafe. Arba'in da takwas fa! Dalili kuwa Iowa gudu da ƙwallo suka fi so, aikin tarewa suka sa shi. Amma da aka je Kwambain a Indianapolis, wato taron gwajin 'yan wasa kafin diraf, ya yi gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 4.52, ga shi da jiki. Duk da haka aka bar shi har zagaye na biyar, na 146, sannan San Francisco suka ɗauke shi a 2017. A wannan shekarar tait-en uku aka ɗauka a zagayen farko: O.J. Howard, da Evan Engram, da David Njoku, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, Cleveland suka ɗauke shi na 29. Shekara ta zagayo, Kittle ya yi yadi 1,377 na cafewa a kakar 2018, wanda a lokacin babu tait-en ɗin da ya taɓa kai haka. Yanzu da adadin cafewa aka bi, ai ko sunansa ba za a rubuta ba.

Ni abin da nake yi idan ina kallon faifan yaro, ina barin ƙwallon ta tafi inda za ta, idona yana kansa. Ka samu wasan da ake neman yadi ɗaya ko biyu, kowa a filin ya san gudu za a yi. Ka duba ina ya sa hannayensa, a ƙirjin abokin karawa ne ko a waje ya rungumo kafaɗa, wanda alƙali zai iya jefa masa tutar laifi? Ƙugunsa a ƙasa yake ko ya miƙe zumbur? Bayan sun yi karo, ƙafafunsa na ci gaba da tafiya ko sun tsaya cak? Akwai yaron da za ka ga yana tarewar kamar an yi masa dole, yana taɓawa yana sakewa. Irin wannan koci ba zai yarda da shi ba, kuma da zarar ya shigo fili abokan hamayya sun san jifa za a yi.

Sai cafewar ita kanta. Da tafin hannu yake karɓa ko sai ta bugi ƙirjinsa? Musamman a tsakiyar fili, inda ya san da ya taɓa ƙwallon wani zai yi ciki da shi. Nan ake gane mai zuciya.



Yawwa. Sai lafiya da hali, waɗannan mu 'yan kallo ba ma gani, likitocin ƙungiya da masu hira da yaran ne ke da labari. Rob Gronkowski bai buga kakar 2009 ba a jami'ar Arizona saboda tiyatar baya, shi ya sa ya zame zuwa zagaye na biyu a 2010. Travis Kelce kuwa an taɓa dakatar da shi kaka guda a jami'ar Cincinnati, Kansas City suka same shi a zagaye na uku a 2013, kuma su biyun duk sun zama gwanaye. Antonio Gates ma ko ƙwallon nan bai buga ba a jami'a, kwando ya yi a Kent State, babu wanda ya zaɓe shi a 2003, amma ya ƙare da tocdawun 116, wato kai ƙwallo ƙarshen fili a ci maki.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne Baltimore a 2018. Sun ɗauki Hayden Hurst a zagayen farko, suka ƙara da Mark Andrews a na uku kamar gyara. Na ukun ne ya zama gwani, na farkon kuma suka sayar da shi ga Atlanta bayan shekara biyu.

Ba wai ina cewa ɗauka da wuri kullum asara ba ne. Raiders sun ɗauki Brock Bowers na 13 a 2024, ya cafe ƙwallo 112 a shekararsa ta farko. Amma Kyle Pitts da Atlanta suka ɗauka na 4 a 2021, ya wuce yadi dubu a kakar farko, tocdawun ɗaya tak, daga nan kuma rauni da canjin kwatabak suka dame shi. Ni dai da ni ne mai zaɓe, in ba irin Bowers na gani ba, sai in jira zagaye na biyu ko na uku.

In akwai yaron da ka sa wa ido, ka turo min cikakken wasansa guda, ba tsintattun wuraren da ya burge ba, in kalla da dare. Caji na ya kusa ƙarewa, sai an jima.