Ga ƙanwata mai tambaya kan mantuwa da ciwon jiki

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce likita ya gaya miki fibromiyalji gare ki, wato ciwon nan mai daɗewa da ke bin ko'ina a jiki, amma mantuwar ce ta fi tsorata ki, har kina tambaya ko taɓin hankali ne ke tafe. Ba shi ba ne, ƙanwata. Shekarata bakwai ina fama da wannan ciwon naki da mantuwarsa.

Atamfa nake sayarwa a Kasuwar Dole. Wata rana mace ta miƙo mini jaka goma, na riƙe kuɗin ina kallonsu, lissafin canji ya ƙi zuwa, ni da nake yinsa da ka tun ina budurwa. Na sha zuba gishiri sau biyu a miya. Wanda ya sa ni kuka shi ne La'asar: in tsaya ban san raka'a ta nawa nake ba, kullum sai ƙabli ko ba'adi. A gida aka ce sammu ne, aka yi ta hayaƙi.

Daga baya na lura abin yana da lokacinsa. In na kwana ina juyi saboda ciwo, washegari kaina kamar an cika shi da hazon hunturu. In na je biki a Birni na wuni tsaye, ranar lafiya lau, sai bayan kwana ɗaya ko biyu in kwanta, ko sunan ludayi sai na lalubo. Wannan faɗuwar bayan wahala ita ce babbar alamar ciwon gajiya mai daɗewa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin cututtukan jijiya tun 1969, kuma sau da yawa shi da fibromiyalji tare suke zuwa.

Awon jini ba ya nuna su, amma ki yi shi, don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo su ma suna kawo irin wannan. Ki kuma gaya wa likita in maganin dare na barinki da maye da safe. Tramol na 'yan tebur kuwa, kar ki soma.

Ni yanzu lissafi da safe nake yi, kafin rana ta take, musamman a zafin Afrilu. Bashi duk a littafi. In ana mini magana ina aiki, sai in ce a dakata in gama. Biki kuma in leƙa, in yi barka, in dawo kafin Azahar; masu cewa na cika girman kai sun gaji sun bari.