Baitocin Kaka da Zanen Zaurensa: Yaya Za Mu Adana Su?

Tambaya: Kakanmu manomi ne a wani ƙauye kusa da Daura. Yana rubuta waƙoƙi da ajami, kuma shi ya zana dagi da tsuntsaye a bangon zaurensa. Allah ya yi masa rasuwa bara. Muna so mu juya waƙoƙin zuwa boko, mu kuma shafe zauren da siminti. Me kuka gani? Daga wata mai karatu, Daura.

Amsa: Allah ya jiƙansa, 'yar'uwa. Ku fara da takardun. Ku ɗauki hoton kowane shafi da waya, a inuwa, kafin komai. Kada ku manna musu salatif, kada ku kai su a rufe da roba mai zafi, kada ku ƙulle su a leda, domin tawadar gida da ƙaro ake haɗa ta, danshi kaɗan ke narkar da ita. Kwali mai tsabta ya isa, a ɗora shi sama inda gara ba ta kai. In shafuka sun hargitse, ku duba ƙasan kowanne: marubutan ajami kan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a wurin. Baitocin ƙarshe kuma nan ake samun sunan mawaƙi da ramzi, wato haruffan da ke nuna shekarar da aka yi waƙar.

Wajen juyawa ne aka fi ɓarna. Mai kwafa ya ga "mashi" sai ya gyara zuwa "masa", ya ga "zamna" ya mai da shi "zauna". To in amsa-amon waƙar "shi" ne, ai an karya ta. Ku rubuta yadda kakanku ya faɗa, ku sa dattijon da ya san muryar waƙar ya rera, ku naɗa. Ajamin ma kada a yar, shi ke nuna dogon wasali, boko ba ya nunawa.

Siminti kuwa, mun roƙe ku, ku bar shi. Ba ya kama bangon ƙasa, ruwa kan shige bayansa, ran da zai ɓamɓare da zanen zai tafi. Ku gyara indararo da gindin bango kafin damina. Waje a yaɓe da makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka daka aka jiƙa, aka kwaɓa da ƙasa. Ciki kuma kakkaɓewa kawai da tsumma busasshe. Inda launi ya koɗe, a nemo tsohon magini ya taɓa da farar ƙasa ko jar ƙasa, ba fentin mai ba.