Abokai sun gayyace ni Maun: yaushe ya fi dacewa in je?

Tambaya: Wasu abokaina da muka yi karatu tare suna aiki a garin Maun na ƙasar Botswana, sun ce in kawo musu ziyara. Ina son in ga dausayin Okavango da namun dajinsa. Wane wata zan je, kuma me zan tanada?

Amsa: Malam, ka nufi tsakanin Yuni da Agusta. Za ka ji abin banbaraƙwai, domin lokacin rani ne a can, ko ɗigon ruwan sama babu, amma kuma a lokacin ne dausayin yake cika maƙil. Ruwan ba na Botswana ba ne. A tsaunukan Angola yake sauka daga wajen Nuwamba zuwa Maris, ya biyo kogin Okavango ta Namibiya, ya shigo Botswana ta Mohembo, sannan ya bazu cikin yashin hamadar Kalahari. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ga ciyayi sun cushe hanya, saboda haka ruwan rarrafe yake yi, sai ya shafe watanni kafin ya iso kogin Thamalakane da ya ratsa Maun. Teku kuwa bai taɓa ganinta ba. Rana da tsirrai ne ke shanye mafi yawansa. Idan daji ya bushe, giwaye da ɓauna da sauran dabbobi duk bakin ruwan nan suke tattaruwa. Sai dai shekara ba ta zama ɗaya: a 2019 Thamalakane ƙafewa ya yi. Ka tambayi abokanka ko ruwa ya iso kafin ka yanki tikiti.

Ka tafi da rigar sanyi mai kauri, don da asuba a Yuli sanyin ya fi na hunturun Kano cizo. Oktoba kuma zafi ne ba na wasa ba.

Abin da baƙi suka fi yin kuskure a kai shi ne ɗaukar Maun a matsayin dausayin kansa. Ƙofa ce kawai. Gari ne mai ƙura da jakuna a kan titi, wanda Batawana, wata ƙabila ta yankin, suka mayar hedikwatarsu a 1915, kuma ƙananan jirage na ta tashi daga filin jirginsa zuwa masaukan cikin daji. Waɗannan masaukai da dala ake biyansu, wasu kwana guda ya haura dala 1,000. Kada ka sa ran abokanka za su ɗauki wannan nauyi, kunya ce za ta hana su faɗa maka. Tunda kana da wurin kwana kyauta, ka biya kuɗin yini guda a mokoro, wani siririn kwalekwale da ake turawa da doguwar sanda. Kana zaune dab da ruwa, ciyawa na shafar kafaɗarka, mai tuƙin yana tsaye a baya yana kasa kunne ko zai ji gurnanin dorina. In ya ce kada ka motsa, to kada ka motsa. Idan aljihu da sauran nauyi, ku haɗa kuɗi ku ɗauki mota mai shiga yashi zuwa gandun dajin Moremi, wanda Batawana da kansu suka keɓe a 1963.

Da fasfon Najeriya sai ka nemi biza, ga kuma katin rigakafin cutar shawara. Kuɗin ƙasar sunansa pula, ma'anarsa ruwan sama. Namiji ka gaishe shi da "Dumela rra", mace "Dumela mma", kuma suna lura da wanda ya fara magana bai yi gaisuwa ba.

Batun tsaraba: bar kilishi a gida. Botswana na tsananta tsaron shanunta daga cutar kofato da baki, har shingaye ake kafawa a hanya, a duba ko akwai nama a mota, a sa ka taka ruwan magani da takalmanka. Yaji da kuka da kuɓewa busasshiya za su fi faranta wa abokanka rai, amma ka bayyana su ga jami'an kwastan in ka sauka.