Tambayi Likita: Gwajin yawu zai iya zaɓa mini miji?

Tambaya: Likita, na haɗu da wani a intanet, yana zaune a Kanada. Ya ce mu aika yawunmu wani kamfani a duba ƙwayoyin halittarmu, a ga ko za mu dace. Abin nan gaskiya ne?
Daga wata baiwar Allah, Mabera

Amsa: 'Yata, kamfanonin dai akwai su. Abin da suka dogara da shi bincike ne da Claus Wedekind ya yi a Suwizalan a 1995. Maza suka kwana biyu da riga ɗaya a jiki, aka ba mata rigunan su sansana, sai akasarinsu suka fi son ƙanshin namijin da ƙwayoyin garkuwar jikinsa, waɗanda ake kira HLA, suka bambanta da nasu. Binciken da ya biyo baya bai tsaya a kan magana ɗaya ba. Ko da ya tabbata, ƙanshin riga ba ya nuna ko mutum zai riƙe ki da mutunci. Kuma in yawunki ya ƙetare teku, ba ki da iko da abin da za a yi da bayanansa. Ki riƙe kuɗinki, ki sa magabatanki su bincika asalinsa.

Tambaya: Ni da 'yar kawuna an sa mana rana, sai gwaji ya nuna dukanmu AS ne. Hajiyata ta ce ai ɗaya cikin huɗu ne kawai, mu tsaya a 'ya'ya uku.
Daga wani matashi, Arkilla

Amsa: Ɗana, wannan shi ne gwajin da nake roƙon kowa ya yi tun kafin a kai gaisuwa. Lissafin Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya, bai yi daidai ba. Kowane ciki da nasa lissafin: kashi 25 cikin 100 na SS, wato sikila, ko na fari ne ko na biyar. Na ga gidan da 'ya'ya uku a jere suka zo da sikila. Na tsaya a kan yaro ɗan shekara biyu cikin sanyin hunturu, hannuwansa sun kumbura, ko taɓa shi aka yi sai ihu, uwar kuwa kwananta huɗu ba ta runtsa ba. Ku sake gwajin a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, don ƙananan ɗakunan gwaji kan yi kuskure; in an ƙara wa ɗayanku jini cikin wata uku, ku faɗa. Idan sakamakon bai canja ba, shawarata ku haƙura. Na san akwai zumunci a tsakani, shi ya sa nake so ka zo da Hajiya da kawunka mu zauna tare.

Tambaya: Jinina O negetif, na wanda zan aura fozitif. Mu fasa?
Daga Runjin Sambo

Amsa: A'a, ku yi aurenku. Ki faɗa wa ma'aikatan awo tun zuwan farko. Akwai allurar anti-D, mai hana jinin uwa yaƙar jinin jariri a cikin da zai biyo baya, da ake yi wa uwa cikin awa 72 bayan haihuwa, haka ma bayan ɓari, kada a manta da wannan.