Ta Yaya Jiha Za Ta Gina Tsarin Horar da Malaman Ajin Reno?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi shekaru ina shugabantar makarantar firamare, yanzu kuma an sa ni cikin kwamitin da zai ba jiharmu shawara kan horar da malaman ajin reno. Kusan duk shekara ana yin bita, amma in ka leƙa ajin sai ka tarar da yara 'yan shekara huɗu da biyar a zaune suna maimaita A B C bayan malama har a tashi. Daga ina ya kamata mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya taya ku riƙon wannan amana.

Abin da kike gani a ajin nan ba laifin malamar ba ne ita kaɗai. Yadda muke yin bita ne ya haifar da hakan. A tara mutane kwana biyar a babban birnin jiha, su koma su koyar da wasu a shiyya, waɗannan su koyar da wasu a ƙaramar hukuma. Kafin saƙon ya iso wurin mai riƙe da alli ya tsinke, kamar ruwan da aka yi ta miƙawa a tafin hannu. Sau da yawa ma wanda aka tura bitar ba shi ke koyar da ajin ba, alawus ne ya kai shi. Don haka shawarata ita ce kwamitinku ya daina tambayar bita nawa za a yi bana, ya koma tambayar wace hanya malama za ta bi daga ranar da ta shiga ajin reno har ta ƙware, kuma wa zai riƙa bibiyarta.

Ku fara da sanin su waye malaman. Jiha na bukatar rajista guda ɗaya a ofishin SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha: sunan malama, makarantarta, takardunta, horon da ta taɓa samu, da yawan yaran da ke hannunta. Hukumar TRCN, wadda aka kafa da dokar 1993, tana yi wa malamai rajista, amma masu NCE, wato takardar shaidar malanta ta ƙasa, zuwa sama take ɗauka. Da yawa daga masu riƙe da ƙananan yaranmu ba su kai nan ba: masu taimaka wa malama, 'yan sa-kai, malaman makarantun kuɗi na unguwa da na Islamiyya. Ku sa su duka a ciki. Yaron da ke Islamiyya ɗan jihar ne kamar na makarantar gwamnati.

Doka tana bayanku. Dokar UBE ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara da iliminsu cikin ilimin bai-ɗaya, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don tallafa wa jihohi, kuma a cikinsa akwai kason horar da malamai. Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta ƙara shekara ɗaya ta share fagen firamare. Ku nemi a rubuta wa malaman reno layinsu na daban a tsarin aikin da SUBEB ke miƙa wa UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya. In aka cuɗa su da na firamare, su ne na ƙarshe a layi.

Inda na fi so ku daɗe kuna tattaunawa shi ne matakala. Mace ta shigo da takardar sakandare tana taimaka wa malama, mene ne mataki na gaba? Ya kamata ta ga hanya a fili: gajeren horo mai takardar shaida da jiha ta amince da ita, daga nan NCE a fannin ilimin ƙananan yara, wanda kwalejojin ilimi ke bayarwa a ƙarƙashin hukumar NCCE, sannan digiri, sannan ta zama mai horar da wasu. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI, da ke Kaduna, tun kafuwarta a 1976, aikinta shi ne koyar da malami yana bakin aikinsa, a ƙarshen mako da lokacin hutu, kuma irin wannan tsari ne ya dace da matar da ke da gida da 'ya'ya. Sai dai kowane mataki dole ya zo da ƙarin wani abu a albashi. Wadda ta sha wahalar karatu shekara uku ta ga albashinta bai motsa ba, ƙannenta a aiki sun gani, ba za su bi sahunta ba.

Jihar North Carolina ta Amurka ta fuskanci wannan matsala, ta fito da shirin T.E.A.C.H. a 1990, wanda wasu jihohin ƙasar suka ɗauka daga baya. Shirin ne ke biyan mafi yawan kuɗin karatu, makarantar da malama ke aiki ta sa nata kason ta kuma ba ta lokacin zuwa aji, ita ma ta sa ɗan abin da ya sawwaƙa. In ta kammala ta samu ƙarin albashi ko tukuici, ita kuma ta yi alkawarin zama a wurin aikinta na wani lokaci. Wannan alkawarin zama shi ne ya fi damuna a wajenmu, domin mu ba malamar ce ke gudu ba, ɗauke ta ake yi. Da ta nuna ƙwazo sai hedimasta ya ce ta fi ƙarfin ajin reno, a mai da ita aji shida, a kawo wadda ake ganin ta gaji a aje ta wurin yara. Ku nemi takardar umarni ga sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi: wadda jiha ta horar don ajin reno ba a canja mata aji sai bayan shekara uku.

Sannan mai bibiya. Shirin ESSPIN, wanda Birtaniya ta tallafa daga 2008 zuwa 2017 a jihohi shida, har da Kano, Kaduna da Jigawa, ya dogara ne da jami'an tallafa wa makarantu masu shiga aji su zauna su kalli darasi, su tattauna da malami bayan an tashi. Ku ɗauki wannan salo, amma ku zaɓo masu bibiyar daga cikin malaman reno da suka ƙware, kuma kuɗin man babur ɗinsu ko na mota ya fito daga kasafin jiha. Mai bibiya ba sufeto ba ce, ba laifi ta zo nema ba. Ta duba ko malama na durƙusawa ta yi hira da yaro, ko ana tatsuniya da waƙa da Hausar da yaran suka zo da ita daga gida, ko ana ƙirga da marfin kwalba da ƙwallon dabino da kara, ko akwai lokacin da yaro zai taɓa ƙasa da ruwa ya gina abin da ransa ke so. A haɗa da taron wata-wata na malaman makarantu biyar ko shida da ke kusa da juna, kowace ta zo da abin da ya gagare ta.

Kada ku manta da iyaye. Uwa da yawa in ɗanta bai dawo da littafi cike da rubutu ba, cewa take yi wasa kawai ake yi a makarantar, malama kuma ta tsorata ta koma haddar A B C. Kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wato SBMC, da ƙungiyar iyaye mata su ji bayani tun farkon zango, a gayyato su su ga darasi da idonsu.

Kada ku rungumi jihar duka a shekarar farko. Ku ɗauki ƙaramar hukuma ɗaya a kowace shiyyar sanata, ku kammala rajistarta, ku naɗa masu bibiya, ku sa rukunin farko a karatu. A ƙarshen shekara ku koma azuzuwan da kanku, ba tare da sanarwa ba, ku ƙirga malamai nawa ne har yanzu ke ajin da aka horar da su dominsa. Da wannan adadin za ku je gaban kwamishina neman kuɗin faɗaɗawa.